Tsohon Magani A Kan Sabuwar Cuta

 

Yau zancenmu a kan wata ƙwaya ne da duk babba a ƙasar nan ya sani. Fara ce, ƴar ƙarama, ga ɗaci kamar maɗaci. Wani in ya sha ta, sai ya kwana yana susa. Sunanta kulorokin, amma yawancinmu da Nivaquine muka san ta. Shekara da shekaru ita ce maganin masassarar cizon sauro a kowane gida. Daga baya ƙwayar cutar ta saba da ita, ta daina jin ta. A shekara ta 2005 sai Nijar ta canza magani, aka koma ga sababbin ƙwayoyi irin su Coartem. Kulorokin ta koma gefe, har aka fara mantawa da ita.

To, a watan Maris na 2020 sai ga ta ta dawo bakin kowa. Ba don masassara ba, don korona. Me ya faru? Shi ne za mu bi a hankali, gama abin da ya faru zai iya sake faruwa duk ranar da wata annoba ta zo.

Yadda abin ya zo Yamai

Ran 19 ga Maris 2020 ministan kiwon lafiya, Dokta Idi Illiassou Maïnassara, ya ba da sanarwa cewa an sami mutum na farko mai korona a Yamai. Kun tuna abin da ya biyo baya. An rufe iyakoki, an rufe filin jirgin sama na Yamai da na Damagaram, an rufe lakwal. An hana sallar jam'i. Daga 28 ga Maris aka sa dokar hana fita a Yamai, daga ƙarfe 7 na yamma zuwa ƙarfe 6 na safe. A cibiyar bincike ta CERMES ake auna majinar da aka ɗebo daga hancin mutane. Masu jin jiki ƙwarai kuma ana kwantar da su a babban asibitin nan da ake kira Hôpital Général de Référence. Ran 3 ga Mayu cutar ta kashe ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar. Daga nan masu cewa cutar Turawa ce kawai suka ragu.

Ku sa kanku a wurin likita a wannan lokaci. Ga mutum kwance gabansa yana haki. Cuta sabuwa ce, wata uku da jin sunanta. Babu maganinta, babu rigakafinta. Haɗa sabon magani kuwa aiki ne na shekara goma ko fiye, tun daga ɗakin bincike har ya iso farmasi. Majinyaci ba zai jira shekara goma ba. Abin da ya rage wa likita shi ne ya duba magungunan da ke hannu, ya ce: ko a cikin waɗannan akwai wanda zai taimaka?

Wannan tunani ba wauta ba ne. Tsohon magani an san yawan da ake ba babba da yaro. An san illarsa. Akwai masana'antun da ke yin sa, kuma sau da yawa yana da araha. An sha dacewa ta wannan hanya. Maganin farko na cutar sida, wanda ake kira AZT, a 1964 aka haɗa shi don ciwon daji. Bai yi aiki ba, aka ajiye. Sai a 1987 aka yarda a ba masu sida, bayan an gwada an ga yana jinkirta mutuwa. Ibarmektin, wanda muka sani da Mectizan, na dabbobi ne da fari, ana ba shanu da tumaki don tsutsar ciki. Daga 1987 aka fara raba shi ga mutane don makantar rafi, wadda baƙin ƙuda na bakin kogi ke kawowa.

Amma ku lura da kalma guda a cikin abin da na faɗa: bayan an gwada. Sanin magani a kan wata cuta bai zama saninsa a kan wata ba. Mutumin da ka sani gwani ne a noma, ba ka san yadda zai yi a cikin jirgin ruwa ba sai ka gan shi a kogi.

Daga ina zancen kulorokin ya fito

Wuri biyu ya fito. Na farko ƙasar Sin. A watan Fabrairu na 2020 masana a birnin Wuhan suka zuba ƙwayar korona a cikin ƴan kwalabe, tare da ƙwayoyin naman ƙodar biri da ake rainon su a ɗakin bincike. Suka ɗiga kulorokin. Suka ga ta hana cutar yaɗuwa a cikin kwalba.

Na biyu Faransa. A birnin Marsai akwai wani babban likita, Farfesa Didier Raoult, wanda aka haifa a Dakar. Ran 20 ga Maris aka buga rahotonsa. Ya ba majinyata wata ƙanwar kulorokin mai suna idiroksikulorokin, wasu kuma ya haɗa musu da azitromisin. Ya ce cikin kwana shida cutar ta ɓace daga hancin yawancinsu. A makon nan shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya hau yabon maganin a gaban duniya. Labari ya bazu ta rediyo, ta talabijin, ta WhatsApp. Ƙasashe da dama na Afirka suka sa shi cikin tsarin jinyarsu, kamar Senegal da Burkina Faso da Maroko da Aljeriya. Nijar ma ta bi wannan hanya, aka riƙa ba masu korona kulorokin da azitromisin.

Ni dai ba na ganin laifin likitocinmu a wannan. Ba su da wani abu a hannu, kuma magani ne da suka iya. Inda ɓarna ta shigo shi ne kasuwa. Mutane suka yi cincirindo suna sayen kulorokin, ana ɓoyewa a gida, kuɗinta ya tashi. A Legas, cikin makon nan na Maris, hukuma ta ba da sanarwar an kwantar da mutane a asibiti don sun sha ta fiye da kima. Ƴan damfara ma ba su yi barci ba. A watan Afrilu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yi gargaɗi cewa an kama kulorokin ta jabu a Kamaru da Kongo da Nijar. Kun ji, har da ƙasarmu.

Akwai kuma waɗanda abin ya shafa ba tare da sun yi korona ba. Masu wani irin ciwon gaɓoɓi, da masu wata cuta da ake kira lupus, kullum suke shan idiroksikulorokin. A ƙasashe da yawa sun je farmasi sun tarar babu, masu tsoron korona sun kwashe.

Kada ɗacin da muka saba da shi ya ruɗe ku. Kulorokin magani ne mai haɗari. Tsakanin yawan da ke warkarwa da yawan da ke kisa, tazarar ba ta da faɗi. In ta yi yawa tana rikita bugun zuciya, mutum ya faɗi nan take. Ƙwaya kaɗan ta babba na iya kashe ƙaramin yaro. Azitromisin shi ma yana taɓa bugun zuciya, to ina ga an haɗa su biyu ga tsoho mai ciwon zuciya.

“Ai na sha, na warke”

Na san abin da wani zai ce. Zai ce: “Malam, ni na yi korona, na sha kulorokin, ga ni da ƙafata.” Gaskiya ya faɗa. Amma mu tsaya a nan, don nan ne gindin maganar.

Cikin mutum 100 da suka kamu da korona a farkon annoba, wajen 80 ciwon bai yi musu tsanani ba. Sun yi masassara da tari da ciwon jiki, suka tashi. Matasa sun fi saurin tashi, tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini su suka fi jin jiki. Nijar kuwa ƙasar yara ce, kusan rabin jama'armu ba su kai shekara 15 ba. Saboda haka ko me ka ba mutanen nan, yawancinsu za su warke. Ka ba su kulorokin, za su warke. Ka ba su kunun tsamiya, za su warke. Wanda ya sha kunu zai rantse kunu ne ya tashe shi, kuma ba ƙarya yake nufi ba.

Manoma, ku kun fi kowa gane wannan. A ce wani ya kawo muku sabon taki, kuka zuba a gonar gero duka. Shekarar aka yi damina mai albarka, rumbu ya cika. Takin ne ko ruwan sama? Ba wanda ya sani. Shi ya sa malaman gona suke raba fili biyu. Ƙasa ɗaya, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, ruwa ɗaya. Rabi a sa taki, rabi a bari. Ran girbi a ƙirga dammunan kowane ɓangare. In na takin ya fi, to takin ne, tunda shi kaɗai ya bambanta su.

Haka ake gwada magani. Ana raba majinyata gida biyu. Duka ana yi musu jinya yadda ya kamata, amma gida ɗaya ana ƙara musu maganin da ake gwadawa. Wa zai shiga wane gida? Ba likita ke zaɓa ba, ƙuri'a ake yi. Dalili kuwa, likita ɗan Adam ne. In yana son maganin, zai iya ba masu ƙarfi-ƙarfi, ya bar waɗanda suka galabaita, ko bai yi niyya ba. Kamar manomin da ya zuba taki a fadama, ya bar tudu, sannan ya ce a zo a ga aikin taki. Kuma sai an tara mutane da yawa, dubbai, don kada sa'a ko rashin sa'a na mutum biyu ko uku ya karkatar da lissafi.

Yanzu mu koma kan rahoton Marsai da wannan ma'auni. Mutum 26 aka fara ba maganin, aka kwatanta su da mutum 16. Ba a yi ƙuri'a ba. Cikin 26 ɗin nan an fid da 6 daga lissafi. Uku daga cikinsu ciwo ya tsananta, an kai su ɗakin masu jin jiki ƙwarai. Ɗaya ya mutu. Ɗaya ya bar asibiti, ɗaya kuma ya daina sha saboda tashin zuciya. Wato an cire kuyyan da gero ya ƙone, sannan aka ƙirga sauran. Kuma abin da aka auna shi ne ko akwai ƙwayar cuta a hanci, ba wa ya rayu wa ya mutu ba. A watan Disamba na 2024 mujallar da ta buga rahoton ta janye shi.

Mun taɓa yin irin wannan gwaji a Dosso

Kada ku ɗauka gwaji da ƙuri'a sai ƙasar Turawa. An yi babba a nan, kafin korona, kuma a kan azitromisin ɗin nan dai.

An daɗe ana raba azitromisin a ƙauyuka don ciwon ido na amodari, wanda likitoci ke kira tarakom. A ƙasar Habasha aka lura cewa a ƙauyukan da aka raba shi, mutuwar yara ta ragu. Ba a tsaya a kan lura ba. Aka shirya gwaji mai suna MORDOR a ƙasa uku: Nijar, Malawi da Tanzaniya. A nan Nijar an yi shi a jihar Dosso, a Boboye da Loga. Aka raba ƙauyuka da ƙuri'a. Yara daga wata 1 zuwa wata 59, a wasu ƙauyuka an ba su azitromisin sau biyu a shekara. A wasu kuma an ba su abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki. Masu rabon ma ba su san wanne ne na gaske ba. Aka yi shekara biyu ana ƙirga.

A 2018 aka buga sakamako. A Nijar mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a ƙauyukan da suka sami maganin. Wato inda da yara 100 za su mutu, sai 82 suka mutu. An kuma ga wani abu marar daɗi: ƙwayoyin cuta da ba sa jin azitromisin sun ƙaru a jikin yaran. Dukan biyun, da mai daɗi da marar daɗi, gwajin ne ya fito da su.

Wani zai ce gwaji a kan mutane abin tsoro ne. Tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan, a gwajin da ya ƙunshi yara wajen 200. Yara 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a, sai a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano. Saboda haka ku san haƙƙinku. Ba a sa mutum a gwaji sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya yarda. Yana da ikon ya ƙi, yana da ikon ya fita a tsakiya, kuma ba za a hana shi jinya don ya ƙi ba.

Abin da ƙirga ta nuna

A Ingila, tun watan Maris na 2020, likitocin jami'ar Okusfod suka shirya babban gwaji mai suna RECOVERY. Shugabanninsa su ne Peter Horby da Martin Landray. Asibitoci fiye da 170 suka shiga. A watan Yuni aka fara jin amsa.

Mutum 1,561 aka ba idiroksikulorokin, aka kwatanta da mutum 3,155 da ba a ba su ba. Bayan kwana 28, cikin kowane 100 na masu shan maganin 27 sun mutu. Cikin kowane 100 na waɗanda ba su sha ba, 25 suka mutu. Kun gani, bai ceci kowa ba. OMS ma ta yi nata gwajin, mai suna Solidarity, a ƙasashe 30, da mutane sama da 11,000. Amsa ɗaya ta samu. A watan Disamba na 2020 gwajin Ingila ya ba da amsar azitromisin: shi ma babu amfani ga masu korona. Wannan bai zama abin mamaki ba. Azitromisin maganin ƙwayoyin cuta ne da ake kira bakteri, korona kuwa wani jinsi ne daban da ake kira birus. Maganin sida mai suna lopinabir shi ma an gwada, bai yi ba.

To, yaya kulorokin ta yi aiki a kwalba ta kāsa a jikin mutum? Masana a Jamus sun ba da amsa a watan Yuli na 2020. Korona tana da ƙofa biyu ta shiga ƙwayar nama. A naman ƙodar biri ta ƙofa ɗaya take bi, kuma ita ce kulorokin ke tarewa. A huhun mutum ta ɗaya ƙofar take shiga. Mai gadi yana tsaye a ƙofar gaba, ɓarawo ya shiga ta baya.

Ibarmektin ma haka ta same shi. A watan Afrilu na 2020 masana a Ostareliya suka ga ya kashe korona a kwalba. Amma yawan da suka zuba ya ninka abin da jinin mutum ke ɗauka sau da yawa. Duk da haka mutane a ƙasashe da dama suka hau sha, wasu har na dabbobi. A 2022 aka buga sakamakon wani gwaji na ƙasar Barazil da mutum 1,358, aka ga bai hana kowa kwanciya asibiti ba. Wannan bai rage darajar Mectizan a kan aikinsa ba. Ran 30 ga Janairu 2025 OMS ta tabbatar Nijar ta kawar da makantar rafi, ita ce ta farko a Afirka.

Kun kuma tuna ruwan ganyen nan na Madagaska, Covid-Organics, wanda aka yi da wani tsiro dangin tazargade. An kawo shi Nijar a watan Mayu na 2020. An yi ta yabonsa kafin a raba majinyata gida biyu a ƙirga. A Madagaska kanta cutar ta ci gaba da kisa.

Wanda ya ci gwaji

Ran 16 ga Yuni 2020 gwajin Ingila ya ba da labari mai daɗi. Wani tsohon magani ya yi aiki. Sunansa deksametazon. An haɗa shi tun 1957, yana kusan kowane asibiti a duniya, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Ba a yi masa kirari a rediyo ba, wasu likitoci ma tsoron ba da shi suke.

An ba mutum 2,104, aka kwatanta da mutum 4,321. Ku saurari lissafin da kyau, don kashi uku ne. Masu jin jiki ƙwarai, waɗanda na'ura ke yi musu numfashi: ba tare da maganin ba 41 cikin 100 suka mutu, da maganin 29. Waɗanda ake ba iskar oksijan kawai: ba maganin 26, da maganin 23. Waɗanda ba sa bukatar oksijan: ba maganin 14, da maganin kusan 18. Wannan kashi na uku bai amfana da kome ba, alama ma ta nuna yana iya cutar da su.

Magani ɗaya, cuta ɗaya, ya ceci wani, bai ceci wani ba. Me ya kawo haka? Korona mataki biyu gare ta. A makon farko ƙwayar cuta ce ke hayayyafa, garkuwar jiki na yaƙi da ita. Yawancin mutane a nan suke cin nasara. Amma ga wasu, a mako na biyu, garkuwar jikin ce ke wuce gona da iri. Huhu ya kumbura, ya tara ruwa, iska ta kasa shiga jini. Kamar ƴan unguwa ne da suka fito korar ɓarawo, suka rushe darni, suka tattake shuka, alhali ɓarawon ya riga ya gudu. Deksametazon ba ya kashe korona. Abin da yake yi shi ne ya kwantar da garkuwar jiki. In an ba shi a mako na biyu ga mai haki, ya hana ɓarna. In an ba shi a makon farko, an riƙe hannun masu korar ɓarawo ne, shi kuwa yana cikin gida.

A asibiti miligiram 6 ake bayarwa sau ɗaya a rana, kada ya wuce kwana 10. A watan Satumba na 2020 OMS ta ba da shawara a riƙa ba masu korona mai tsanani irin wannan magani, kada a ba waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba. Hukumar lafiya ta Ingila ta ƙiyasta cewa kafin Maris na 2021 ya ceci rai wajen miliyan ɗaya a duniya.

A nan ina da magana da ku, mata, iyayenmu da ƙannenmu. Deksametazon ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Yana cikin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba, musamman in biki ya matso. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce. Fuska ce ke kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance. Yana tayar da ciwon suga da hawan jini, yana cinye ƙarfin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki har tsohon tarin fuka ya farka. A Indiya, a 2021, yawan ba da irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba yana cikin abin da ya jawo wata muguwar cuta mai cin hanci da ido, ta kama dubban mutane. Wadda ta daɗe tana sha kuma, kada ta daina rana ɗaya, don hakan ma haɗari ne. Ta je ta faɗa wa likita gaskiya, shi zai rage mata a hankali.

In wata ta zo

An fara allurar rigakafin korona a Nijar ran 29 ga Maris 2021. Ran 5 ga Mayu 2023 OMS ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa ta duniya, ko da yake ƙwayar tana nan tana yawo. A lissafin hukuma, mutane sama da 9,000 suka kamu a Nijar, sama da 300 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Ran da wata sabuwar cuta ta ɓullo, za ku sake jin an ce wane magani na kashe ta. Za a turo muku murya a waya, a ce wani babban farfesa ne ya faɗa. Ga tambayoyin da za ku yi wa mai kawo labarin. A kwalba aka gani, ko a jikin mutane? Mutum nawa aka ba? Da wa aka kwatanta su? Wa ya raba su, likita ko ƙuri'a? Kuma a wane mataki na ciwon ake bayarwa? In ya ce bai sani ba, ku riƙe kuɗinku.

In masassara ta kama ku ko yaronku, ku je asibitin unguwa a ɗiga jinin yatsa. Cikin minti 15 zuwa 20 za a san ko ta cizon sauro ce, kuma a ƙasarmu tana cikin cututtukan da suka fi kisa. In ita ce, kada ku nemi kulorokin, ku karɓi maganin da aka rubuta muku, ku shanye na kwana ukun nan ko da kun ji sauƙi. Ku saya a farmasi, ba a tiren mai talla da ya wuni cikin rana a tasha ba. Tunda yanzu kun iya karatu, ku duba sunan da ke kan kwali, ku gwada shi da wanda ke kan takardar likita, harafi da harafi. Ku duba wata da shekarar da maganin zai lalace.

In kuwa mai tari ya fara haki, ba ya iya gama magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ƙirji na ciwo, ko hankalinsa ya fara gushewa, to wannan ba na jinyar gida ba ne. Iskar oksijan yake bukata, kuma asibiti ake samunta. Ku ɗauke shi a lokacin, ko da tsakar dare ne, ku tafi da kwalayen duk abin da ya riga ya sha don likita ya gani.